Yadda Malachy Tansey Ya Shiga Taswira

Shekarar da aka kawo mana lantarki a Cloonbrack, abin da hasken ya fara tona mana shi ne ba ma cikin taswira.

Taswirar ta daɗe rataye a mashayata, sama da murhu, tun mijina yana da rai. Irin taswirar Ireland ɗin nan ce mai hotuna, wadda ake zana wa kowane gari abin da yake taƙama da shi. Nan waliyyi da sandarsa, can sarki da takobinsa, can jiragen Sifen suna nutsewa a bakin teku, ga wani ƙaton kifi yana feshin ruwa a kusurwa. Hayaƙi ya rina ta, kuma da fitilar kananzir ba wanda ya taɓa damuwa ya dube ta da kyau. Ranar da aka kunna ƙwan lantarki, Festy Durkan ya ɗago kai daga kofinsa, ya ƙura mata ido, sai ya fashe da dariya har giya ta fito masa ta hanci.

Festy dillalin shanu ne, mutumin Kiltarsna, ƙauyen da ke tsallaken rafi. A wurina yake shan giyarsa saboda mashayar garinsu ta kore shi. Mu da mutanen Kiltarsna kuwa tun kaka da kakanni ba ma ga maciji da juna.

"Attracta," ya ce da ni, "don Allah zo ki nuna mini garinku."

Na ajiye tsumma na zo. Ga Kiltarsna nan da sunanta ɓaro-ɓaro, an zana mata hasumiyarta mai tsinin kai. Na gangaro da yatsa zuwa inda ya kamata a same mu, sai na tarar da tunkiya. Mai zanen ta rasa abin da za ta cike gurbin da shi, ta ajiye wata tunkiya mai ƙiba tana kiwo, kanta yana kallon teku, gindinta kuma daidai a kan Cloonbrack.

"Ga ku nan, ƙarƙashin wutsiya," in ji Festy. "Ashe shi ya sa gonakinku suka fi namu taki."

Ba zan ɓoye ba, abin ya ƙona mini rai. Sai a ranar na gane dalilin da motocin Amurkawa masu zuwa neman kabarin kakanni suke tsayawa a Kiltarsna su sha shayi su sayi suwaita, mu kuwa su wuce mu a guje su watsa wa ƙofata taɓo. Da taswirar nan suke yawo a hannu, kuma ba wanda zai tsallako teku don ya ga gindin tunkiya.

Ina neman abin da zan jefi Festy da shi, sai na ji an buga kofi a kan tebur. Malachy Tansey ne ya miƙe.

Malachy ya yi shekaru yana share azuzuwan makarantar firamare, saboda haka ya ɗauka ilimi ya shige shi ta tsintsiya. Ba a taɓa ambaton wani yaƙi a gabansa ba tare da ya ce kakansa ne ya riƙe tuta ba. Dukiyarsa a duniya guda ce, wato gashin bakinsa, wanda ya murɗe kamar ƙahon rago, yana shafa masa kakin kyandir kowace Lahadi. Matarsa Dympna takan ce da gashin bakin aka ɗaura mata aure, shi Malachy rakiya ya yi.

"Kai, ɗan Kiltarsna," ya ce, "hasumiyar nan taku ai bututun hayaƙi ce da ta yi girman kai. Tarihin da ke kwance a Cloonbrack, da za a zana shi, sai an ƙara wa taswirar takarda."

"To me ya hana a zana?"

"Kunya. Mu ba mu iya talla ba."

"Kai ne mai kunyar?" Festy ya share hawayen dariya. "Ai kuwa dama ta samu. Na ji Fada Hession, limamin cocinku, yana cewa matar da ta zana ta za ta sake zagayowa da bazara, za a buga sabuwa."

Malachy ya ɗaga hannu ya kama ƙahon gashin bakinsa na dama. Duk wanda ya san shi ya san in ya yi haka, bala'i ya kusa.

"Ku shaida. In sabuwar taswira ta fito babu sunan Cloonbrack, ka zo ranar kasuwar shanu, a ƙofar mashayar nan, ka aske wannan da almakashin tumaki."

"Na karɓa," in ji Festy, ya tofa yawu a tafinsa yadda suke yi in an gama cinikin saniya. Malachy ma ya tofa, suka tafa. Na ce a raina, baki shi ke yanka wuya.

Kashegari ya zo tun ban gama share ƙofa ba, ya hau kujera ya yi ta nazarin taswirar, hancinsa yana gogar gilashi. Da ya sauko ya ce ya gano sirrin.

"Ƙofa uku ce, Attracta. Ko kuna da waliyyi, ko an yi yaƙi a garinku, ko kuna da hasumiya."

"Mu kuwa muna da ruwan sama da kai."

"Za mu shiga ta duka ukun."

Da waliyyi ya fara. A gindin makiyayar Packy Loftus, ƙanin matarsa, akwai wani wuri mai danshi kusa da itaciyar ƙaya. Malachy ya haƙa rami, ya jera duwatsu, ruwa ya taru, sai ya sanar cewa ya gano rijiyar Waliyyi Cronagh, mai maganin sanyin ƙashi da ciwon ido. Rijiyar waliyyi ba ta cika sai da tsummokaran da masu neman lafiya suke ɗaurawa a jikin itace, shi kuwa ba shi da lokacin jiran marasa lafiya. Ya bi ta bayan gida ya zare jan fatarin Dympna daga igiyar shanya, ya yayyaga rabinsa ya ɗaɗɗaure a ƙaya.

Dympna ta taho mashaya da muciya a hannu.

"Ina yake? Ina masanin tarihi?"

"Uwargida, kwantar da hankalinki," in ji Malachy daga bayan buhun fulawa. "Fatarinki ya shiga hidimar Ubangiji."

"Fatarin da uwata ta ba ni? Duk mai wucewa yanzu ya san kalar abin da nake sakawa a ciki! Fito in sa ka cikin hidimar Ubangiji kai ma, gaba ɗaya!"

Fada Hession ma ya tare shi bayan sujadar Lahadi, ya ce duk littattafansa bai taɓa cin karo da wani Waliyyi Cronagh ba.

"Ai shi ne girman nasa, Fada," in ji Malachy. "Tsabar tawali'u, ko a littafi bai yarda ya fito ba."

Duk da haka tsofaffi suka tafi da kwalabe, don a garinmu ba a ƙin magani in kyauta ne. Tsohuwa Honor Loftus, uwar Packy da Dympna, ta sha kofi biyu. Ba wanda ya tsaya ya duba abin da ke saman gangaren, wato ɗakin aladun Packy. Tsohuwar ta kwana biyu tsakanin gado da masai. Da ta samu kanta, Malachy ya je gaishe ta, ya tambayi sanyin ƙashi.

"Ya warke, ɗan nema," ta ce. "Rabon da in yi gudu irin wannan tun ina budurwa. Matso kusa in sa maka albarka da sandar nan."

Ya fito yana gaya wa kowa cewa an samu shaidar farko.

Daga nan ya koma kan yaƙi. A tsakiyar makiyayar akwai wani dogon dutse a tsaye. Malachy ya kwashe mako yana zuwa da guduma da wata ƙatuwar ƙusa, yana sassara gefensa layi-layi, irin rubutun mutanen da da ake gani a tsofaffin duwatsu. Packy ya jingina da shinge yana kallonsa, ciyawa a baki.

"Mijin yaya, me kake yi wa dutsen shanuna?"

"Ina fito da abin da zamani ya rufe. Nan Sarki Tadhg Mai Jan Gemu ya kashe 'yan fashin teku dubu a wuni ɗaya. Ga shi a rubuce."

"A rubuce tun yaushe?"

"Tun kafin a haifi Kiltarsna."

"Ikon Allah. Ni dai na san babana ne ya jawo shi da jaki daga bakin rafi, don shanu su riƙa susa."

"Babanka ya jawo tarihi bai sani ba. Jakin ma ya fi shi sani."

Wanda ya fi kowa murna da rubutun shi ne bijimin Packy, wani baƙin ƙato da ake kira Cromwell, sunan mayaƙin Ingilan nan da ya taɓa ragargaza Ireland, saboda duk inda ya bi sai an yi gyara. Da can dutsen sumul yake. Yanzu da ya samu tsage-tsage, Cromwell ya goga ƙeya sau ɗaya ya lumshe ido, daga ranar bai ƙara yarda ya rabu da shi ba. Ko saniya ce ta matso sai ya kore ta. Malachy ya ce wannan ma hujja ce, har dabba ta san wuri mai daraja.

Saura hasumiya, kuma a nan ne ya shigo da ni cikin wahala. Ina da gangunan giya na katako da aka shanye, jere a bayan kanti suna jiran motar da za ta kwashe su. Wata safiya na fito ban ga ko ɗaya ba. Na ɗaga kai, sai ga su can a kan tudun makiyayar Packy, wanda ya gangara zuwa rafi, an ɗora su bisa juna, masu faɗi a ƙasa. An shafe su da farar ƙasa, an lulluɓe da ganye mai yaɗo, ta can sama an fasa mata murfi an kifa mata mazurarin kananzir ɗina a matsayin hula.

"Malachy Tansey! Ɓarawon ganga!"

"Aro ne, Attracta, aro. In motocin Amurkawa suka fara tsayawa a ƙofarki, da bakinki za ki nemi gafarata."

"Wace makauniya ce za ta ga wannan ta ce hasumiya?"

"Daga nesa za ta gani, cikin yayyafi da hazo. Yaushe rabon da ki ga abu sosai a ƙasar nan? Ruwa ba ya saɓa mana alkawari."

A nan kam ya faɗi gaskiya, don tun bikin Ista ba mu ga inuwarmu ba. Kuma in faɗi tawa gaskiyar, maganar motocin ta shige ni. Na bar masa gangunan. Da iska ta fara kaɗa hasumiyar, ya samo igiyar jirgin kamun kifi ya ɗaure ta, ya ja ɗaya bakin ya naɗe a gindin dutsen Sarki Tadhg, ya rufa da ciyawa.

Ranar da Mis Ormsby mai zane ta iso daga Dublin, gari ya waye tangaran. Ko gajimare ɗaya babu. Tsofaffi suka fito suna kare ido da hannu suna tambayar ko lafiya. Daga ƙofata kana iya ƙirga ƙusoshin da ke jikin kowace ganga. Malachy ya ɗaga kai ya dubi sama kamar wanda amininsa ya ci amanarsa.

"Ko sau ɗaya a rayuwa na roƙe ka ruwa," ya ce, "shi ne yau za ka nuna mini kai mai kirki ne?"

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya sa kwat ɗin aurensa, ya riƙe lemarsa kamar sandar girma, ya rataya ragowar jan fatarin Dympna a kafaɗa kamar ɗamarar manya, ya murɗa gashin baki har tsininsa yana ƙyalli. Packy ya kulle Cromwell a garke. Duk Cloonbrack ta fito. Mutanen Kiltarsna kuma, da Festy ya gama yi musu shela, suka jeru a nasu gefen rafin da kujeru da burodi, kamar masu kallon wasan ƙwallo.

Mis Ormsby 'yar siririya ce mai furfura, da takalmin maza da allon zane a hammata. Ba ta da yawan magana. Fada Hession yana biye da ita yana kallon ƙasa, kamar mai rakiyar gawa.

A bakin rijiya Malachy ya cire hula.

"Baiwar Allah, nan Waliyyi Cronagh ya soka sandarsa ruwa ya ɓulɓulo. Ɗanɗana ki ji."

Ta sunkuya, ta shinshina, ta miƙe da sauri.

"Waliyyin nan makiyayin aladu ne?"

"Yana son dabbobi ƙwarai."

"Ka fara sha mana, mijin yaya," in ji Packy daga baya. "Mai gida shi ke buɗe akushi."

"Ina azumi," in ji Malachy.

"Azumin da ya cinye ƙwai uku da safe!" Dympna ta ɗaga murya. "Kuma baiwar Allah, jajayen nan da kike gani a ƙaya, in kin zana su sai na bi ki har Dublin."

Aka taho wurin dutse. Malachy ya dafa shi, ya karanta mata rubutun daga ƙasa zuwa sama, har da sunan dokin sarki. Matar ta durƙusa, ta dangwali farin garin dutse da ke zube a kan ciyawa, ta murza a yatsa.

"Lallai tsohon rubutu ne," ta ce. "Shekara dubu yana zubar da gari bai gama ba."

"Haka duwatsunmu suke, ba su da gaggawa."

"Waccan kuma fa? Mai mazurari a ka?"

"Wannan ita ce uwar hasumiyoyin Ireland. Ta Kiltarsna a wurinta ta koyi tsayuwa. Amma kada ki matsa kusa, akwai aljanu."

"Akwai dai ragowar baƙar giya!" Festy ya ƙwalo daga tsallake. "Ni na shanye hawa na biyu da bakina!"

Kiltarsna ta kwashe da dariya. Malachy ya juya zai mayar da martani, sai muka ji ƙarar katako ya karye daga wajen garke. Cromwell ya yi haƙuri iya haƙuri. Tun safe ba a bar shi ya yi susa ba, ga kuma wani ya dafa masa dutse.

Ya taho a hankali, yana huci. Mutane suka dare, Fada Hession ya tsallake shinge da tsalle ɗaya, abin da ba mu taɓa sanin yana iyawa ba. Ni da Mis Ormsby muka haye katangar duwatsu. Kowa ya san bijimin ba faɗa ya kawo shi ba, dutsensa yake so. Da Malachy ya matsa gefe taki biyu, da shi ke nan. Amma ga baƙuwa daga Dublin, ga Kiltarsna tana kallo.

"Kada kowa ya tsorata!" ya ce. "Jinin Sarki Tadhg ne a jikina. Kai, Cromwell! An kore ka daga ƙasar nan sau ɗaya, yau ma za a sake!"

Ya zare jan ƙyallen daga kafaɗa ya kaɗa a fuskar bijimin, sannan ya ɗora masa lemar a hanci.

"Yesu da Maryamu da Yusufu," in ji Dympna. "Na zama gwauruwa, kuma a fatarina."

Cromwell ya tsaya kamar mai tunani. Ya sunkuyar da kai, ya tona ƙasa da ƙafa. Jinin Sarki Tadhg ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Shinge ya yi masa nisa, abin da ke kusa shi ne hasumiya, ga tsanin da ya manta a jingine a bayanta. Ya haye kamar kyanwa, ya tunkuɗe mazurarin, ya faɗa cikin gangar ƙarshe. Can sai ga kansa ya leƙo, gashin bakin yana rawa.

"Kin gani, baiwar Allah?" ya yi ihu. "Haka sufaye suke ɓuya in 'yan fashi sun zo! Nuna miki nake yi!"

Bijimin ya zagaya hasumiyar sau ɗaya, bai ga abin yi ba, ya koma wurin masoyinsa. Ya jingina kafaɗa da dutsen, ya lumshe ido, ya fara susar da ya yi kewa. Dutsen da jaki ya jawo ba wani zurfi aka binne shi ba. Ya fara rangaji. Igiyar da ke naɗe a gindinsa ta miƙe daga cikin ciyawa, ta saki, ta sake miƙewa. Hasumiya ta rusuna wa Cloonbrack, ta rusuna wa Kiltarsna.

"Packy! Ƙanina! Kama shi!"

"Ai yana karatun tarihi ne, mijin yaya. Ba a katse ɗalibi."

Cromwell ya ƙara gogawa da ƙarfi, dutsen ya kwanta gaba ɗaya, ya fizgi igiya. Uwar hasumiyoyin Ireland ta watse. Ganguna suka bi gangare suna tsalle, farar ƙasa tana tashi, ta Malachy ce a gaba. A faɗuwar ya juye, kansa a ciki, ƙafafu biyu a waje suna harbin iska, takalmi ɗaya ya tafi nasa wuri. Muna jin muryarsa daga ciki yana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya, kuma na lura bai kira Cronagh ba. Gangar ta daki wani dutse a bakin rafi, ta tashi sama, ta tsallake ruwan, ta dira cikin taɓo a gaban kujerar Festy Durkan.

Festy ya ajiye burodinsa, ya ƙwanƙwasa gangar.

"Salamu alaikum, masu gida. Barka da zuwa Kiltarsna. A kawo shayi?"

Na juya in ba baƙuwa haƙuri, sai na ga tana zaune a kan katanga, hawaye yana zuba, fensirinta yana gudu a kan allo. Da aka zaro Malachy aka tsallako da shi, fari fat kamar wanda aka tono daga buhun fulawa, ta kama hannunsa ta girgiza.

"Na zagaye ƙasar nan kaf," ta ce, "ban taɓa ganin tarihi yana faruwa a gabana ba sai yau. Wannan kam zai shiga taswira."

To, wa ya ga Malachy! Duk damina da hunturun nan ba mu huta ba. Ashe duk shiri ne. Shi ya koya wa Cromwell, shi ya auna gangaren, shi ya san mata irin su Mis Ormsby ba a kama su da tsohon dutse. Gashin baki ya ƙara tsawo har yana shiga ƙofa a karkace. In ya ga Festy sai ya ce, "Yaya almakashi? A shafa masa mai kada ya yi tsatsa." Ni da na biya diyyar ganguna, har ni na fara sayen ƙarin kofunan shayi.

Sabuwar taswira ta iso ana gobe kasuwar shanu. Kashegari mashaya ta cika har waje. Na warware ta a kan tebur, Malachy ya sa tabarau, ya ture kowa.

Ga ta nan kuwa, an zana ta da kyau: ganga a sama tana tashi, ƙafafu biyu a waje, safa ɗaya da huji a dunduniya, baƙin bijimi a baya yana murmushi. Sai dai a tsallaken rafi take, gefe da gefe da hasumiya mai tsini, kuma suna ɗaya ne a ƙarƙashinsu su biyun: Kiltarsna. Na gangaro da yatsa. Tunkiya tana nan inda take, sai ma ƙiba da ta ƙara.

Fada Hession ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa.

"Ta tambaye ni a ƙasar wa gangar ta sauka," ya ce. "Ita ba ta zana abu sai a inda ya tsaya. Ni kuma ba zan yi ƙarya da wannan rigar ba."

"Ko sau ɗaya, Fada? Don garinku?"

"An yi isasshiya a madadina, Malachy."

"Hotuna biyu!" in ji Festy, yana bubbuga tebur. "Allah ya saka wa Cloonbrack da alheri. Ba su da komai, amma ɗan abin da suka samu sun mirgino mana."

Aka fito da kujera ƙofar mashaya, tsakanin shanu da dillalai. In ba shi haƙƙinsa, Malachy bai gudu ba. Ya zauna ya rufe ido, ya miƙa fuska, har sai da na ji tausayinsa ya kama ni. Festy ya ɗaga almakashin tumaki kowa ya gani, ya kama ƙahon dama, ƙaras, ya bi shi har gindi. Sannan ya ja da baya, ya mayar da almakashin aljihu.

"Ƙarasa mana," in ji Malachy, ido a rufe.

"A'a. Ni mai adalci ne. Garinku bai shiga ba, amma rabinka ya shiga, daga ƙugu zuwa ƙasa. Rabi na ci, rabi ka ci."

Muka ɗauka zai je gida ya ƙarasa da aska, kamar kowane mai hankali. Malachy ya buɗe ido, ya shafa gefen da ya saura, sai na ga ƙirjinsa yana tasowa.

"Kun ji da kunnenku," ya ce. "Ɗan Kiltarsna ya amsa da bakinsa cewa na ci rabi. Kuma ku duba taswirar nan da kyau. Sarakuna, waliyyai, jarumai, duk matattu ne. Mutum ɗaya ne a cikinta yake numfashi."

"Ƙafa biyu dai," in ji Dympna. "Da safar da na ce ka kawo in ɗinke ka ƙi. Yanzu har Amurka an san matar Tansey ba ta iya allura ba."

Bai taɓa aske rabin nan ba. Shekara da shekaru yana shafa masa kakin kyandir, yana zama a mashayata a karkace, gefen mai gashi yana fuskantar jama'a. Motocin Amurkawa suka ƙara daɗewa a Kiltarsna, inda yanzu ake gasar mirgina ganga kowace bazara, mu kuma suna ci gaba da watsa mana taɓo.

Ranar da ya rasu, da aka gama yi masa wanka aka shimfiɗe shi, mai gyaran gawa ya ɗauko aska ya tambayi Dympna ko a daidaita masa fuska kafin mutane su shigo. Ta daɗe tana kallon mijinta, tana share ido da gefen mayafi.

"Bar masa," ta ce. "Shi kaɗai ne abin da Cloonbrack ta taɓa ci a hannun Kiltarsna."